Damtse da Inji Mai Ɗaga Kai

Duk layin, da wuya ka samu wanda zai faɗa maka sunansa na yanka. Damtse ake ce masa, in ka gan shi kuma ba sai ka tambayi dalili ba. Gajere ne, kansa babu gashi ko na magani, wuya kuwa kamar an manta ba a sa masa ba. Amma hannayen nan biyu, Allah Ya yi halitta. Tun yana saurayi dako yake yi a bakin sito, buhun fulawa a kafaɗar dama, wani a ta hagu, yana tafe yana tsokanar direbobi. A nan ya haɗu da matarsa. Ta zo sayen fulawa, ya ɗaukar mata har gida, ya ƙi karɓar ladan dako, ta ba shi burodi mai zafi. Washegari ya dawo, wai ya manta hularsa. Mutumin da ba a taɓa ganinsa da hula ba.

Ita sana'arta burodi. Tana gasawa a wani ɗan ɗaki a bayan gida, ta sayar ta taga: ƙananan burodi masu laushi, da donat, da kek in wani ya yi oda. Tun yana taya ta kafin ya fita sito, har ya zo ya ajiye dakon gaba ɗaya ya zama mai kwaɓinta. Shi yake ce mata Manaja, tun ana dariya har sunan ya bi ta. Ita kuwa Baban yara take ce masa, ko bayan da yaran suka girma kowa ya kama gabansa.

Ɗakin ba wani girma ne da shi ba. Tanda a kusurwa, buhunan fulawa a kan katako don gudun sanyin ƙasa, taga ɗaya mai kallon gabas, sai dogon tebur da tsakiyarsa ta lotsa saboda shekarun murza. Kullum da sassafe Manaja za ta auna fulawa da yis da sukari da gishiri, ta zuba ruwa, ta tura masa. Shi kuma ya naɗe hannun riga ya hau aiki: ya danna, ya ninke, ya juya, ya ɗaga ya buga a tebur. Yana murza tana ba shi labarin layi. Telan da in ya ɓata ɗinkin mutane sai ya ɓuya a ƙarƙashin kekensa, maƙwabciyar da take aron gishiri tun kafin ta haifi ɗanta na fari. Ba su taɓa duba agogo ba. Labari na ƙarewa, kwaɓi ya yi.

To, ga inda maganar take. Idan ya gama, Manaja takan gutsuri ɗan kwaɓi, ta je bakin taga ta ja shi a hankali tsakanin yatsunta. In ya miƙe ya yi siriri har haske ya ratsa shi bai yage ba, sai ta dawo ta dafa kafaɗarsa da hannunta mai fulawa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ya yi, Damtse." A duk wuni nan ne kawai sunan yake fita daga bakinta. Shi kuma ba ya kakkaɓe fulawar. Haka zai fito ya zauna a benci a ƙofar gida da shatin yatsu a kafaɗa, yana hura hanci kamar sojan da aka ƙara wa anini.

Shekaru suka ja, kafaɗar dama ta fara magana. Damtse bai gaya wa kowa ba. Ya sayi man zafi ya ɓoye a bayan tankin banɗaki, in ya shiga ya shafa sai ya fito yana 'yar waƙa. A tunaninsa sirri ne. Gida kuwa har bakin titi ake jin warin man.

Auta ce ta ɓallo masa ruwa. 'Yarsu ce ta ƙarshe, tana aiki a kicin ɗin wani otal. Ta zo gaisuwa wata safiya, ta tsaya tana kallon ubanta yana murza, yana sauya hannu yana cije leɓe.

"Mama, wai har yanzu da hannu? Ai an daina. Injin kwaɓi za ku saya, ni zan taimaka. Ki zuba, ki murɗa, ki koma gefe ki zauna."

Damtse ya jira Manaja ta ce, "Muna da namu injin." Abin da ya kamata ta ce ke nan, kowa ya sani. Sai ya ji ta ce, "Wane iri ne mai kyau?"

Da rana ya nufi rumfar amininsa Filaya, mai gyaran fanka da dutsen guga da duk abin da ke cin wuta. Ya zauna a kan wani mataccen firji, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wai wani ne ya aiko shi tambaya a kan injin kwaɓi.

"Wanin nan gajere ne mai sanƙo?" in ji Filaya, bai ko ɗago ba.

"Kai dai ka amsa."

"Iri biyu ne. Akwai mai ɗaga kai: ka zare sakata, kan ya ɗagu baya, ka cire kwano. Ba nauyi, ga kyau, in kek ne ko kaɗa ƙwai ba ka da damuwa. Akwai kuma mai ɗaga kwano. Shi kansa a kafe yake, kwanon ne ake ɗagawa sama da wani mariƙi a gefe. Ƙato ne, mummuna, amma ko siminti ka zuba masa zai juya."

"To mai ɗaga kan, in aka ba shi kwaɓin burodi mai tauri fa? Da yawa?"

"Zai yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ya yi zafi, ya gaji." Filaya ya ajiye sukundireba ya dube shi. "Me ya sa kake tambayar raggon, ba ka tambayi jarumin ba?"

"Wanda ya aiko ni ne yake son sani."

Ranar sayayya ya sa rigarsa mai kyau ya bi su, shi da ko rakiyar kasuwa ba ya so. Injinan biyu suna kan kanta gefe da gefe. Mai ɗaga kai ja ne jawur, sai sheƙi yake. Mai ɗaga kwano kuwa launin toka, gajeren wuya, kafaɗu a buɗe. Damtse na ganinsa ya ji ya tsane shi. Abin ya yi kama da shi da yawa.

Mai shago ya tambayi me ake kwaɓawa. Da aka ce burodi, kullum, sai ya ɗora hannu a kan mai tokar. Ya nuna musu ƙugiyarsa mai murɗe, ya nuna yadda kwanon yake zama daram. Auta ta ce irinsa ne a wurin aikinsu. Manaja ta shafa gefensa. Wannan shafar ce ta tayar da Damtse tsaye.

"Manaja, wannan ai sai ya karya mana tebur. Dubi yadda kan ya rufe kwanon. Ta ina za ki zuba ƙwai? Ta ina za ki kankare gefe? Ga wannan," ya ɗaga kan jan, ya sauke, ya sake ɗagawa, "har gaishe ki yake yi. Da hannu ɗaya za ki ja shi ki goge ƙarƙashinsa."

"Baba, yaushe ka san inji?" in ji Auta.

"Tun kafin a haife ki nake ɗaukar su a ka."

Mai shago ya ce gaskiya maigida bai yi ƙarya ba, kowanne da inda ya fi, amma in dai burodi ne... Damtse ya katse shi da tambayar garanti. Manaja ta daɗe tana kallon mijinta, irin kallon da take yi wa kwaɓi a bakin taga. Sannan ta ce, "Tunda shi ka zaɓa, Baban yara, a ɗaure mana shi."

Ya ɗauko shi a kafaɗar hagu, yana tafe yana murmushi. A ransa ya ce, za mu ga kwana nawa za ka yi.

Sai dai aikin farko odar kek ce. Aka sa wa injin wayar kaɗa ƙwai, kafin ka ce me, ƙwai ya tashi fari fat kamar kumfar sabulu. Aka cire wayar aka sa wani maburgi mai faɗi, bota da sukari suka narke cikin juna. Manaja ta lakata ta ɗanɗana, ta yi wata dariya da ya daɗe bai ji irinta ba, ta dafa jan kan nan da hannunta mai fulawa.

"Kai, ya yi!"

Damtse yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga shatin yatsu a kan ƙarfe. Ya dubi tasa kafaɗar. Tas take.

Kwanakin farko burodi na hannunsa tukuna, amma hankalin Manaja na wurin jan. Ta ja kwaɓinsa a taga ta ce, "To, a rufe," ta wuce. Matan layi suka riƙa shigowa kallo, wata mai dogon baki ta ce, "Ah, ashe an yi wa Damtse ƙane!" Shi ke nan suna ya kama: Ƙaramin Damtse. Masu sayen burodi su leƙo ta taga su ce a gaishe da Ƙarami, shi babban yana zaune a benci ba mai ce masa ina kwana. Manaja ta ɗinka wa injin riga mai fure don ƙura, alhali aljihun wandon mijinta ya yi wata da watanni a yage. In ta gama aiki ta goge shi da tsumma mai laushi har bayan wuya. Da Damtse ya duba da kyau, ashe tsumman tsohuwar singiletinsa ce.

Da ta saba da shi, ta ce yau burodi ma a ba Ƙarami. Aka sa ƙugiya, aka zuba, aka murɗa zuwa lamba biyu. Da farko lafiya lau. Kwaɓi na haɗuwa ya yi tauri, sai kan ya fara: ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana ɗagawa yana bugawa, daidai yadda Filaya ya faɗa. Can sai injin ya kama tafiya, yana jan gindi a kan tebur yana nufar baki. Damtse ya fara naɗe hannun riga, ransa fari ƙal.

"Baban yara!"

"Na'am, Manaja."

"Zo ka riƙe shi kada ya faɗi."

Haka aka yi masa sabon muƙami. Mutumin da ya yi shekaru yana juya rabin buhu shi kaɗai, ya koma rungumar inji, jikinsa na karkarwa har haƙora. Kwanon ba ya cin da yawa, sai an raba kwaɓin kashi-kashi, a tsaya inji ya huce, a sake. Ga ƙara. Manaja ta fara labarin tela, ya ce, "Me?" Ta maimaita, ya ce, "Wa?" Ta ce a bar shi. A hankali ta daina farawa. In kwaɓi ya yi ta ja shi a taga, ta dawo ta dafa kan injin, a tsakanin hannayensa biyu, ta ce, "Sannu, Ƙarami, ka sha wuya."

Filaya ya leƙo wata safiya sayen burodi, ya gan shi a haka.

"A'a, Damtse, raino aka ba ka? In ya yi barci ka kwantar da shi a hankali."

"Wuce ka ba ni wuri."

"Ka gaya wa wanda ya aiko ka, na ce ya iya zaɓe."

Ana nan sai ga babbar oda daga kantin wata makaranta, burodi mai yawa, ana so kafin tsakar rana. Manaja ta auna kashi-kashi kamar kullum, ta fita ɗauko faranti. Damtse ya dubi injin. Ya ɗauki kashi na biyu ya juye a kan na farko.

"Tunda ƙanena ne kai," ya ce, "ɗauki irin kayana." Ya murɗa, har ya wuce lamba biyu.

Kada a ci haƙƙin Ƙarami, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya gyaɗa kai, ya yi gurnani, kwaɓi ya hau ƙugiya har wuya. Sai ƙauri ya tashi, ya yi wani ɗan kuka, ya yi tsit.

Manaja ta shigo, ta shaƙi ƙaurin, ta dubi kwanon da ya cika ya tumbatsa, ta dubi mijinta. 

"Kayan zamani ke nan," in ji shi. "Matsa."

Ya juye kwaɓin a lotsawar tebur, ya haɗa da sauran, ya danna. Wayyo daɗi! Ɗakin shiru, sai tim, tim na kwaɓi a katako. Manaja ta jingina da bango, jim kaɗan sai ga shi ta fara: ashe telan nan an kama shi, ƙafarsa ce ta leƙo daga ƙarƙashin keke. Damtse ya kwashe da dariya. Ya ɗaga kwaɓin sama zai maka irin na da, sai kafaɗar ta riƙe. Ba ciwon da ya saba ba ne. Wannan kamar an soka masa ƙusa mai zafi aka murɗa. Kwaɓin ya suɓuce ya faɗi a tebur. Ya gwada da hagu kaɗai, abin ya ƙi haɗuwa. Ya sake gwada dama, hannun ya ƙi wuce ƙirji.

Labarin tela ya tsaya a nan.

Manaja ta wanke hannu ta zo gefensa. Ita da siraran hannayenta, shi da hagunsa, suka yi ta fama. Da ta kai ɗan kwaɓi bakin taga, tana ja ya yage. Ta sake gutsura, ya sake yagewa. Lokaci ya ƙure, haka aka gasa. Burodin ya fito a dunƙule, ga nauyi. Mai kantin ya yi ta juya shi a hannu, ya ce wannan karon dai ya karɓa. Ranar ba a dafa kowa ba, ba mutum ba inji.

Bayan an share ɗaki, Manaja ta fita ta dawo ta ajiye kwalbar man zafi a kan tebur.

"Cire rigar. Ba sai ka shiga banɗaki ba."

"Wannan na waye?"

"Na aljanun bayan tanki ne. Zauna."

Ya zauna a kan buhu, ta tsaya a bayansa tana murza kafaɗar, ba da wasa ba, kamar mai huce haushi.

"Ka ɗauka ban san me ya sa ka zaɓi jan nan ba? Mutumin da ko rediyo bai iya kamo tasha ba, ranar ya zama injiniya."

"To me ya sa kika yarda?"

"Da na ɗauki babban, da har yau kana gaba da ni. Na ce bari ka gani da idonka." Ta danna inda ya fi ciwo, ya yi ƙara. "Fulawa ba ta ƙarewa, Baban yara. Hannun nan fa? A wane shago ake sayar da shi?"

 Can ya ce cikin ƙunƙuni, "Har riga kika ɗinka masa."

"Au, rigar ce?" Ta yi dariya har ta dafa bango. "Kawo wandon."

Filaya ya buɗe Ƙarami ya ce bai mutu ba, suma ya yi, wani ɗan haƙori ne ya cinye a ciki. Ya gyara, Auta ta ɗauke shi har da rigarsa ta kai gidanta, inda kek kawai take yi wa ƙawaye. Damtse kuwa ya koma shagon shi kaɗai. Yadda suka ƙare da mai shago tsakaninsu ne, amma tun ranar ba a sake ganin tsohon babur ɗin Damtse a ƙofar gida ba. Mai tokar ya zo a baro, Damtse na biye da shi yana ba mai baron umarni.

Kada ka ce ya so shi. Har yau bai so shi ba. Shi ya zaɓa masa wuri: can ƙarshen tebur, a lungu, jikin bango, wai nan ne soket ya fi ƙarfi. Ya kafa dokoki. Ba riga, ba suna, ba mai gogewa sai shi. Matan layi da suka zo kallo ya ce musu inji na hutawa. Sannan ya ja buhu ya ajiye a bakin lungun ya zauna a kai, yadda duk mai son kaiwa ga injin sai ya bi ta kansa.

Safiyar farko Manaja ta auna ta miƙo. Ya ɗora kwanon, ya danna bayansa ya ce ƙas, ya juya mariƙin gefe kwano ya hau sama, ya murɗa lamba biyu. Ƙaton bai gyaɗa kai ba, bai motsa ba. Gurnani kawai yake yi ƙasa-ƙasa, ƙugiya na juya kwaɓi kamar ba komai. Abin ya sosa wa Damtse rai, don ko shi a zamaninsa yakan yi nishi. Amma fa ana jin magana. Manaja ta ɗauko labarin tela daga inda ya tsaya, ta kai shi ƙarshe, ta ɗora da na mai aron gishiri. Tana rufe baki ya kashe injin, bai duba agogo ba.

Ya sauke kwano, ya gutsuro ya miƙa mata. Ta je taga ta ja. Ya miƙe siriri, haske ya ratsa shi. Ta juyo da hannunta mai fulawa a ɗage, ta nufo lungun. Damtse ya gyara zama a kan buhu, ya ɗan karkato, ya tare hanya da kafaɗa. Ta dube shi, ta dubi injin a bayansa, ta ga sai ta hau tebur kafin ta kai gare shi.

"Baban yara, ai shi ya yi aikin."

"Wa ya san lokacin kashe shi?"

Ta cije dariya. Hannun ya sauka a hankali, a kafaɗar dama.

"Ya yi, Damtse."

Ya waiwaya ya yi wa injin wani irin kallo, sannan ya tashi ya fita benci, bai kakkaɓe ba.